Dutsen Wasa Wuƙar Layya

Ranar Laraba da ta wuce wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya yanke ɗan yatsa da gefen gilashi, ya zo wurina yana yarfa hannu kamar wanda kunama ta harba. Na miƙa masa filasta. Yana naɗewa yana ba ni shawara: "Baba Laminu, don mi ba a ɗan goge bakin gilashin nan? Minti biyu ne fa. A samu ɗan dutse a murza, shi ke nan." Sati uku ke nan da shigowarsa labon nan, ɗakin gwajinmu, har ya gano abin da ya gagare ni shekara talatin. Ban ba shi amsa ba, don na san in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Ga amsar nan na rubuta, ta ishe shi ta ishe ku duka.

Na san yadda kuke kallon aikina. Kuna leƙowa ku ga tsoho tsaye yana fesa ruwa a kan ɗan gilashi, ku ce ai wannan ko mai sayar da turare a kasuwa zai iya. To bari in faɗa muku abin da ke faruwa a gaban idonku ba ku gani. Gishirin zinki ake narkarwa, a ƙara masa ɗan kobal, wani ƙarfe ne da ke sa ruwan ya yi launin hoda. A ɗora gilashi a kan faranti mai zafin digiri ɗari huɗu, a fesa masa ruwan a hankali. Ruwan ya ƙone ya tafi, ya bar wata fata ta oksid ɗin zinki manne da gilashin, wadda ku kuke ce wa kush. Don siranta, ɓawon albasa kusa da ita tabarma ne. Fatar nan tana barin lantarki ya wuce daidai gwargwado, irin kayan da ake yin cikin waya da su, amma ita kaɗai ba ruwanta da maganaɗisu. Tambayar da ake ta yi a duniya ita ce: in an sa mata ɗan kobal, za ta riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, ba sai an daskarar da ita ba? In ta riƙe, an samu abu guda da ke ɗaukar lantarki kuma yana ajiye bayani. Wasu sun ce sun gani, wasu sun ce ba su ga komai ba, kuma tun ina da baƙin gashi ake wannan gardama.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin nan wankin gilashi ne. Wanda ya koya mini, marigayi Malam Sanda, mutumin Damagaram ne, gajere, mai faɗa kamar barkono. Wata shida ban taɓa kan fesa ba. Sabulu, ruwan da aka tace, aseton, alkol, a busar, a ɗaga wa haske. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Sake." Ba ya faɗa maka abin da ya gani, kai za ka nemo. Wata rana na zo da ɗan hantsaki na ƙarfe, sabo fil, da na saya da kuɗina don in burge shi. Ya karɓa, ya juya shi, ya fita tsakar gida ya wurga shi bayan katanga. Ya dawo ya ce, "Yaro, abin da muke nema ƙanƙane ne ƙwarai. Duk dattin da ya fi shi ƙarfi, shi zai yi magana a madadinsa. Ƙarfe bai taɓa gilashina." Daga ranar hantsakin roba ne a hannuna. Zobe da agogo kuwa a bakin ƙofa yake tuɓe su kamar mai shirin alwala.

Kayan aikin kun san su da ido, ba ku san halinsu ba. Kan fesan nan na gilashi, in ka matsar da shi da faɗin yatsa ɗaya kusa da faranti, fatar za ta fito fari-fari kamar an barbaɗa gari. In ka janye shi, ruwan ya bushe a iska bai iso ba. Komfireso, injin da ke tura iskar fesa, yana da tari, sai ka san lokacin da zai yi shi. Balans ɗin awo yana jin numfashinka, shi ya sa nake korar masu hira daga kusa da shi. Alƙalamin diyaman, mai bakin lu'ulu'u, da ake yanka gilashi da shi, ja ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Sai uwa uba, wuta. A watan Afrilu, kana tsakiyar fesa, minti goma sha biyu cikin ashirin, sai ɗif, an ɗauke. Faranti ya huce, aikin yini ya tafi kwandon shara. Na zubar da gilashin da ya isa a yi wa gidan bene tagogi ta wannan hanya, kuma ba wanda ya taɓa sa sunana a takarda don haka.

Masu kawo mini aiki kuwa iri-iri ne. Akwai malamin da zai shigo ranar Alhamis da yamma ya ce yana son samfuri goma sha biyu kafin Litinin, don zai yi tafiya. Akwai ɗalibin da zai kama gilashi da yatsun da ya gama cin soyayyen dankali da su, sannan ya zo yana tambayata me ya sa fatarsa ta yi tabo. Akwai wanda hoto kawai ya kawo shi, ya sa farar riga ya tsaya kusa da faranti yana murmushi. Duk na haƙura da su. A cikin shekarun nan ɗaya ce tak ta zo ta ce in koya mata wanki tukuna, ita ce Ramatu.

Ramatu ɗiyar wani mai lambu ce a unguwar Gamkalle, uwarta Bahaushiyar Tawa. Shekara uku aka ba ta da burs, wato tallafin karatu, don ta yi tez, kundin binciken dakta, a kan wannan tambaya ta kobal, a ƙarƙashin shugaban labonmu na lokacin, wanda kowa ke kira Farfesa. Kullum ita ke riga ni zuwa, ko da faba-faba, motar haya, ta yi mata wasa a hanya. Ranar Juma'a takan zo mini da salati da albasa daga lambun babanta. Shekara biyun farko muka yi su a kan fata zalla, wadda ba kobal, har hannunta ya zauna. Muka aika da su waje aka auna, don na'urar da ke jin maganaɗisu ƙanƙane haka babu ita a ƙasar nan. Sai ka naɗe gilashi kamar ƙwai, ka aika, ka jira wata biyu ko uku. Sakamakon zane ne. In layin ya tafi ya dawo ta hanyar da ya bi, babu komai. In ya buɗe ciki a tsakiya kamar ƙwallon dabino, abin ya riƙe maganaɗisu. Na shekarun farko duk a rufe suka dawo, kamar yadda ya kamata.

Sati guda bayan Sallar Layya, muna shirin fara sa kobal, ta ɗauki wani gilashi da na yanka, ya tsaga mata babban yatsa. Ba ƙaramin yanka ba, jini har ƙasa, sai da aka yi mata ɗinki. Abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ƴar mutane, ga ladabi, ga ƙoƙari, kuma ni na yanka gilashin. Washegari zan fita daga gida a unguwar Dar es Salam, sai na ga dutsen da muka wasa wuƙaƙen layya da shi yana nan ajiye bakin randa. Na jefa shi a jaka. Daga ranar, duk gilashin da na yanka wa Ramatu sai na kai shi bakin famfo a bayan labo, in murza gefensa a dutsen har ya yi sumul, sannan in yi masa wankin nan namu kamar kullum. Ban gaya mata ba. Ban rubuta a kayen labo ba, littafin da nake rubuta har yawan tarin komfireso. A ganina alheri ne na yi, kuma ba a rubuta alheri a kaye.

Ni da aka wurgar wa hantsaki bayan katanga! Shekara da shekaru ina hana mutane shiga da ƙarfe, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ke cikin dutsen da ya ci wuƙa ashirin ba. A idona dutse ne kawai.

Da sakamakon samfuran kobal ya iso, layin ya buɗe ciki. Farfesa ya shigo da takardar a hannu yana kiran sunan Allah, ya aika aka sayo kilishi da lemo. Mutanen waje suka ce a aiko musu da gilashi tsirara, wanda ba a fesa wa komai ba, don a tabbatar. Satin ina Maraɗi wurin bikin ɗan ƙanena, Ramatu ta yanka da kanta ta aika, da kaifinsa. Ya dawo a rufe. Komai ya hau layi: ba kobal, babu, gilashi zalla, babu, da kobal, akwai. Aka rubuta maƙala aka aika wa wata jaridar kimiyya. Labon da ke yi mana awon ya ce da ta gama ta zo, akwai gurbin aiki yana jiran ta.

Abu ɗaya ya riƙa damuna. Samfurin da aka sa wa kobal kaɗan wani lokaci ya fi wanda aka cika wa ƙarfi, wani lokaci kuma ya gaza. Ba tsari. Na je na faɗa wa Farfesa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Laminu, kai wanke ka fesa. Fassara tamu ce." Na ce to. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ni ma ban san me nake zargi ba.

Layya ta sake zagayowa. Na kwaso dutsen daga labo na mai da shi gida. Da safe bayan an sauko Idi, ina tsugune ina wasa wuƙa, baƙin ruwan nan yana gangarowa daga dutsen, rago na ɗaure yana jira, an riga an jera itatuwan gashin nama a ƙofar gida. Akwai wani turnabis, wato sukundireba, mai maganaɗisu a baki da na gyara ƙyauren gida da shi, na bar shi a ƙasa, ruwan ya bi ta kansa. Na ɗauke shi don kada ya yi tsatsa. Sai na ga bakinsa ya yi baƙin gemu, tsaye cirko-cirko. Garin ƙarfe ne. Na dubi turnabis, na dubi dutse, na tuna gefen gilashi sittin da na murza a kansa. Aseton yana wanke maiƙo, alkol yana wanke aseton, amma ba ɗayansu da ke cire ƙarfen da ya nutse a cikin gogaggen gilashi. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, liman ya yanka tun ɗazu fa, mi kake kallo?" Na tashi na yanka ragon. Naman shekarar nan ban san ɗanɗanonsa ba.

A lokacin saura sati bakwai sutnans ɗin Ramatu, ranar da za ta kare tez ɗinta gaban malamai. An tsai da rana, an gayyaci masu zuwa daga nesa, burs ɗinta kuma a watan zai ƙare. Ba wanda ya san da dutsen sai ni. Zan faɗa muku gaskiya, kwana uku ina yawo da shi a jaka, kuma sau biyu na rage gudun moto, babur ɗina, a kan gadar kogi ina duban ruwa. Abin da ya hana ni ba tsarkin zuciya ba ne. Na san aikin nan ne kawai. In maƙalar ta fita, wani ɗalibi a wata ƙasa zai ɗora shekara ukunsa a kanta, ya fesa, ya auna, bai ga komai ba, ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau. Ita kuma za ta je can waje a ce ta maimaita, ba ni ba dutse, ta tsaya gaban baƙi tana neman abin da bai taɓa kasancewa ba.

Ranar da aka koma aiki na same ta tana gyaran babi na ƙarshe. Na ajiye dutsen a kan teburinta, na ajiye turnabis kusa da shi.

Ta ce, "Baba Laminu, barka da Salla. Dutse kuma na mi?"

Na ce, "Ɗiyata, tun ranar da kika yanke, kin ƙara yankewa?"

Ta yi ɗan tunani. "A'a. Ai na ɗauka hannuna ne ya saba."

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ɗauki turnabis ta goga a dutsen, ta ɗaga wa haske. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duk na kobal. Banda wanda kika yanka ina Maraɗi."

"Kuma ba ka rubuta ba."

"Ban rubuta ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta ce mu je wurin Farfesa.

Farfesa ya saurara yana matsa goshi. Da na gama ya yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta. Da ya huce sai ya juya wurinta ya ce, "Ramatu, ƙila ba shi ba ne. Zato ne kawai. Mu bari a gama sutnans, sai a duba a natse." Ba mugun mutum ba ne, tausayinta yake ji, irin tausayin da ya kai ni bakin famfo. Ta ce, "Farfesa, in na tsaya gabansu suka tambaye ni yadda aka shirya gilashin, mi zan ce?" A ranar ta shirya samfuri biyu da hannunta, ba ta bari na taɓa ba: gilashi tsirara da aka murza a dutse, da fata mai kobal a kan gilashin da ba a murza ba. Ta roƙi mutanen waje su auna da gaggawa.

Sati biyar muka jira. Gilashin da ba a fesa wa komai ba ya buɗe ciki fiye da mafi kyawun samfurinta. Fatar mai kobal ta dawo a rufe ruf. Abin da muka ci kilishi a kansa, wuƙar layyata ce.

Wannan ita ce muguwar shekarar da kuke jin ana ambata. Ta rubuta wa jaridar ta janye maƙalarta. Aka ɗage sutnans ba rana. Burs ya ƙare, gurbin aikin waje aka ba wani. Ta samu koyarwa a wata lakwal, makaranta mai zaman kanta, a unguwar Gudel, da safe tana can, da la'asar ta ratso gari ta zo nan a gajiye, alli har a gira. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a aikina, ɗalibai suka riƙa kirana mai dutse a bayan idona suna zaton ba na ji. Wannan duk bai dame ni ba kamar ranar Juma'a. Babanta bai daina aiko da salati ba. Ta shigo ta ajiye mini a kan teburi, ta ce ina wuni, ta wuce. Wata uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, tana ta karatu tana sake tsara aikin daga tushe.

Muka sake samfuri sittin. Ta ƙara wankin asid a cikin ƙa'ida, ta sa kowane aike ya tafi da gilashi tsirara da ya bi duk hanyar da sauran suka bi, har da hannun da ya yanka shi. Bayan shekara da ƴan watanni ta kare tez ɗinta. Abin da ta samu shi ne, fatar da muke yi ta wannan hanya ba ta riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki. Ba a yi wa irin wannan sakamako rawa, amma gaskiya ne, kuma har yau ba wanda ya rushe shi. Akwai babi guda a ciki kan yadda ƙarfe ke laɓewa a gefen gilashi. Ba ta sa sunana a babin ba, ta sa shi a shafin godiya. Ita ce Dakta Ramatun da ke sa hannu a takardunku yanzu, wadda kuke ƙorafin ta cika tambayar me ka yi, da me ka taɓa, ina ka rubuta. Dutsen kuma shi ne kuke gani a kan kabad ɗin biro ɗinta, wato ofishinta, kuna zaton na danne takardu ne.

Ranar da muka koma fesa bayan wata ukun nan, ni na yanka gilashin farko. Na ja diyaman sau ɗaya, na ɓalle, na ajiye mata. Ta kai hannu ta ɗauka don ta kai wanki, sai ya kama ta a babban yatsan nan, kusa da tsohon tabon. Jini ya fito. Ni kuwa ban san lokacin da na kai hannu zan karɓe gilashin ba. Ta janye shi. Ta sa yatsan a baki, ta dube ni, karon farko da ta dube ni sosai tun ranar da na ajiye mata dutse a teburi, ta ce, "Bar shi da kaifinsa, Baba."

Na bar shi. Saboda haka kai mai shawarar minti biyu, da duk wanda zai zo bayanka: gilashin labon nan yana yanka, kuma haka zai ci gaba. Ku koyi riƙe shi. Filasta tana cikin durowa ta biyu, Dakta Ramatu ce ke sayowa.